Aikin yumɓu da yunwar birni

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu fasahar yumɓu na zamani suna taɓuka wani abu kan yunwa a birane. Suna yi kuwa. Dubi shirin Empty Bowls da malamin fasaha John Hartom da matarsa Lisa Blackburn suka fara a jihar Mishigan ta Amurka a 1990. Ɗalibai suka gina kasake da hannunsu, aka zuba miya, aka haɗa da burodi, baƙi suka ba da gudummawa suka ci. Kowa ya tafi gida da kaskonsa wayam, don ya riƙa tuna masu kwana da yunwa. Abin da ya fi burge ni, kuɗin na zuwa ga masu rabon abinci na garin, kuma har yau birane da dama suna yi duk shekara.