Ga 'yar'uwa mai tsoron taswirar zuciya

Wallahi 'yar'uwa, ina karanta tambayarki idona ya kawo ruwa. Kin ce za a zana taswirar zuciyarki kafin a ƙona wurin da ke rikita bugun, tsoro ya hana ki runtsawa. Ni kwana uku na yi ido biyu.

Shekara 6 zuciyata na tashi ba sallama, bugu 190 a minti, ina zaune abina. Kafin in kai asibiti ta lafa, gwajin bugun zuciya na ECG ya fito lafiya lau. Akwai wani likita, har gobe in na tuna shi raina sai ya ɓaci. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce damuwa ce, in rage tunani. A gaban maigidana! Tun ranar kowa ya ɗauke ni mai raki, ina dafe ƙirji ana kallon juna. Har ni na fara zargin kaina. Ban ce Allah ya isa ba, amma na kusa.

Aikin kansa bai kai tsoronsa ba. Allurar kashe zafi a matsematsi, sai su zura siraran wayoyi ta jijiya har cikin zuciya. Duk inda wayar ta taɓa tana ɗaukar lantarkin wurin, kwamfuta na haɗa hoton kala-kala. Tawa na'urar CARTO ce, inda wutar ke fara tashi ja yake fitowa.

Abin da ban shirya masa ba: da gangan suke tayar da bugun, don in bai tashi ba da wuya su gane maɓoyarsa. Na yi ta salati, na ɗauka tafiya ce. Sai na ji likitan ya ce, "Ga shi nan." Kuka na fashe da shi, ashe ba ƙarya nake ba.

Ki tambaya naki ciwon wane iri ne. Nawa SVT ne, wato bugun sauri da ke tasowa daga saman zuciya, sau ɗaya ya wadatar. Masu AF, wato bugun da ke harhargitsewa ba tsari, ana ƙona kewayen bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu ne, wasu sai an maimaita. Maganin tsinka jini kuwa, don Allah kar ki daina da kanki, likita zai faɗa miki wanda za ki ajiye da ranar. Ki shiga bayi kafin a fara, domin bayan an gama awanni za ki yi a miƙe ba lanƙwasa ƙafa. Ni bayana ya fi zuciyar ciwo a daren.