Likita ya ce ka tafi gida, magani bai ce ba

Ƙanena, karo na uku ke nan kana tambayata ko da gaske asibiti kyauta ne a Ingila kuma komai nan take ake yi. Kyautar nan kai za ka biya ta tun kafin biza ta fito: ɗalibi fam 776 yake bayarwa a kan kowace shekara. Batun nan take kuwa, saurara.

Shekarata ta farko aka yi mini tiyata. Da ƙarfe 9 na safe babban likita ya zo zagaye, ya ce yau zan koma gida. Na haɗa jakata, na kira ƙawata ɗaya tilo da nake da ita, ta bar aikinta ta zo. Aka ɗauke ni daga gado don wani na jiransa, aka ajiye ni a kujera a ɗakin masu jiran sallama. Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Dole ƙawata ta koma aiki. Lokacin sanyi ne, ƙarfe 4 gari ya yi duhu, ɗinki yana ja na, ba mai cewa sannu da harshena. Sai bayan 7 na dare jakar magani ta iso. A tasi na yi kukan da na riƙe tun rana.

Yau ni ma nas ce, da gumina na kai nan, kuma na san inda lokacin ke tafiya. Babban likita faɗa kawai yake yi. Ƙaramin likita ne zai rubuta takardar sallama da jerin magunguna, shi kuma ba ya zama sai zagaye ya ƙare. Sannan mai harhaɗa magani ya duba kowane layi. Ya ga kuskure guda, sai an nemo likitan ya gyara. In akwai maganin kashe zafi mai ƙarfi irin mofin, ƙa'idarsa daban. Daga nan a zuba, a liƙa suna, a kawo, nas ta sake dubawa ta yi maka bayani. Binciken yana ceton rai, na gani da idona. Abin da ya ci mini rai, ba wanda ya gaya mini yini zan yi.

In ka kwanta, je da magungunanka cikin kwalayensu. Tun ana gobe sallama ka tambaya ko an rubuta maganinka. Kada ka kira mai ɗaukarka sai jakar maganin tana hannunka. Abin da za a ba ka sau da yawa na mako biyu ne, don haka yi rajista da likitan unguwa satin da ka sauka. Bayan nan kowane magani fam 9.90 ne a Ingila. A Sikotland da Wels ba a biya.

Kai da ke fama da asma, turo mini sunayen abin da kake shaƙa kafin ka sayi tikiti.