"Yoyon Memori" ko "Tsiyaya"? Amsa ga Wani Ɗalibi a Jos

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jos ya aiko da tambaya: "Malam, idan wani modul na kanel ya karɓi wuri a ƙwaƙwalwar na'ura bai mayar ba, mu a aji 'yoyon memori' muke cewa. Abokina ya dage wai 'tsiyaya' ta fi. Wanne ne daidai? Kuma karin maganar nan ta mai ɗaki ta shiga nan?"

Ɗana, kai ke da gaskiya. Ga wanda bai sani ba, kanel shi ne zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, modul kuma ɗan guntun manhaja ne da ake jona masa. Lura da abin da kowace kalma ke ɗora wa laifi. Tulu ne ke yoyo, bokiti ne ke yoyo, rufin kwano ne ke yoyo in ruwan Agusta ya sauko a Jos. Aibin yana jikin mazubin. Tsiyaya kuwa aikin ruwan ne, kuma sau da yawa da gangan ake yin ta: mai sayar da man gyaɗa yana tsiyaya mai a kwalba, ba wanda zai ce ya yi ɓarna. Tunda kuskuren na wanda ya rubuta modul ɗin ne, yoyo ta fi zama.

Sai dai kada kalmar ta ruɗe ka. A nan babu abin da ke zuba ƙasa. Modul ya nemi wuri da kmalloc, umarnin aron wuri a ƙwaƙwalwa, aka ba shi, ya gama aikinsa bai kira kfree, umarnin mayar da wurin, ba, adireshin wurin kuma ya ɓace masa. Kamar ɗan haya ne da ya kulle ɗaki ya tafi, makullin ya faɗa rijiya. Ɗakin yana nan daram, ba mai kwana a ciki, ba kuma a iya bai wa wani. Da ni aka tambaya tun farko, da "aron da ba a mayar ba" zan ce, amma ta yi tsawo, baki kuma ya riga ya saba da yoyo.

Abin ya fi muni a kanel. Manhaja ta yau da kullum in ta rufe, tsarin yakan karɓe duk abin da ta ara. Na kanel kuwa, ko an cire modul ɗin, wurin ya tafi sai an kashe na'ura an kunna. Kaɗan-kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Karin maganar cewa take: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Manufarta, wanda abu ya dama shi ya fi sanin ciwonsa, na waje ya rage baki. To a nan ta ɗan gaza, domin mai ɗakin ma, wato kanel, bai sani ba. Shi ya sa a shekarar 2009 aka shigar da kmemleak, manhajar gano yoyo da Catalin Marinas ya rubuta, cikin kanel na tsarin Linux. Kmemleak yakan rubuta duk wurin da aka ba da aro, sannan duk bayan minti 10 ya bi ƙwaƙwalwar yana duba ko akwai mai riƙe da adireshin. Wanda ba a samu mai shi ba, sai ya kawo rahotonsa tare da jerin ayyukan da suka nemo shi. Wani lokaci yakan zargi wurin da ba laifi, saboda haka ka karanta rahoton da idon basira kafin ka taɓa rubutun modul ɗin.

Ka gaida abokin naka, ka ce masa ya ajiye "tsiyaya" sai ranar da kuke kwafe bayanai daga wannan faifai zuwa wancan.