Bambancin "dodge" da "evade" a Turanci

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta wani labari na Turanci inda aka ce wani ɗan kasuwa "evaded tax", a wani labarin kuma aka ce wani minista "dodged the question". Ƙamus ɗina ya ba ni kaucewa a duka biyun. Shin ma'anarsu ɗaya ce, kuma zan iya sa "avoid" a madadinsu?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ƙamus ɗinka bai yi kuskure ba, sai dai ya taƙaita, domin kalmomin nan uku sun bambanta wajen nauyin zargin da kowacce take ɗora wa wanda ake magana a kansa.

Asalin "dodge" motsin jiki ne na gaggawa, irin gocewar da ɗan dambe yake yi idan abokin karawarsa ya kawo masa naushi. Daga nan aka aro ta zuwa zillewa da dabara, shi ya sa ake cewa minista "dodged the question", wato an tambaye shi abu, sai ya yi ta kewaye-kewaye har lokaci ya ƙure bai ba da amsa ba. Kalma ce ta hira da kanun jarida, kuma tana ɗauke da ɗan reni. A Amurka, lokacin yaƙin Biyetnam, ana kiran samarin da suka zille wa shiga soja na dole "draft dodgers", kuma da yawansu Kanada suka tsallaka, har Shugaba Jimmy Carter ya yi musu afuwa a 1977. An liƙa wa Muhammad Ali wannan suna, amma a ganina bai dace da shi ba, domin a 1967 fitowa ya yi bainar jama'a ya ce ba zai shiga ba, ya kuma tsaya aka yi shari'a har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke masa a 1971. Wanda ya ƙi abu a fili ba a ce ya zille ba.

Ita kuwa "evade" daga Latin ta samo tushe, daga kalmar da ke nufin fita ko kuɓuta, kuma ta fi zama a rubutun hukuma da na shari'a. Yawanci idan ka gan ta, to akwai wani hakki da ya rataya a wuyan mutum, ko wasu da ke farautarsa, shi kuma ya yi wayo ya sulale. Don haka ake cewa "evade arrest" ga wanda ya kuɓuce wa kamun 'yan sanda, da "evade tax" ga wanda ya ɓoye dukiyarsa don kada ya biya haraji. Sunan aikin shi ne "evasion", siffar kuma "evasive", wadda ake faɗa wa amsar da aka cika da kame-kame.

A nan ne tambayarka ta ƙarshe take da muhimmanci ƙwarai. "Avoid" gujewa ce kawai, ba ta zargin kowa, kamar mai ciwon suga da ya guji zaƙi, ko direban da ya canza hanya saboda cunkoso. A dokar haraji, "tax avoidance" shi ne rage abin da mutum zai biya ta hanyoyin da doka ta halatta, alhali "tax evasion" laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Shahararren ɗan daban nan na Cikago, Al Capone, da wannan laifin aka same shi a 1931, aka yanke masa shekara 11 a kurkuku. Saboda haka ɗan jarida ko mai fassara da ya musanya kalmomin biyu yana iya jingina wa mutum laifin da bai aikata ba, ko ya wanke mai laifi, kuma ina roƙon masu wannan sana'a su kula da wannan sosai.

Wajen nahawu, "evade" ba ta karɓar "from" a bayanta, don haka "he evaded the police" ake cewa, ba "evaded from the police" ba. "Dodge" tana iya tsayawa ita kaɗai ba tare da an ambaci abin da aka goce wa ba, kamar "he dodged to the left". Idan aikatau ya biyo bayan "avoid", sai ya ƙare da "-ing", misali "she avoided answering". Ka kuma kiyaye kada ka rikita "evade" da "invade", domin ta biyun mamayewa take nufi.