Amsa ga Baban Walid kan sa yara a lekol, wato makaranta, ta 'yan cocin Luteran a Kamaru

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina Baban Walid na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai a shago ban samu na tanka ba, ka san ɗinkin tenu, wato yunifom na 'yan makaranta, ya fara shigowa. Ka ce an dawo da kai aiki Ngaundere daga Marwa, gidan da ka kama yana kusa da firamaren 'yan Luteran, kana so ka sa Walid mai shekara 6 da yayarsa da ta gama CE1, wato aji uku na firamare, amma zuciyarka ba ta kwanta ba, shin suna ma karɓar 'ya'yan Musulmi, in sun karɓa ba za su juya musu kai ba, kuma me ake kaiwa wajen rajista. Na ga amsoshin da aka ba ka, wani ya ce haramun ne kawai ya yi gaba, wani ya ce ba komai kai dai ka kai su. Ni 'ya'yana uku suka bi ta irin wannan lekol, biyu sun fita ɗaya yana CM1, wato aji biyar, kuma na yi shekara huɗu a kwamitin iyaye, to bari in gaya maka abin da idona ya gani, sauran kai da mai ɗakinka ku yanke.

Karɓa dai suna karɓa. A tamu akwai ajin da in ka leƙa masu suna Amadu da Fadimatu sun fi masu suna Pol da Mari yawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayata takardar baftisma ko ya ce sai na zo da wani daga coci ya tsaya min. A fom ɗin rajista akwai layin da ake rubuta addini, na rubuta Musulmi, madam ɗin da ke karɓa ko ɗago kai ba ta yi ba. Wannan ba sabon abu ba ne a garin nan. Mutanen nan sun daɗe, 'yan mishan na Amurka sun iso ƙasar nan a 1923 suka zauna wajen Meiganga, na ƙasar Norwe suka zo Ngaundere a 1925, daga aikinsu ne cocin Luteran da ake kira EELC ta fito kuma hedkwatarta a nan garin take. Yawancin mabiyansu 'yan ƙabilar Dii ne da Baya, amma asibitinsu da kowa ke ce wa Norvejiyan, wa bai taɓa kwantar da nasa a can ba? Haka kolejinsu Kolprot, manyan ma'aikata Musulmi da yawa can suka yi karatu. Can wajenku kuma Garwa da Kaele da Yagwa, wani reshen Luteran ne daban da ake ce wa EFLC, kar ka haɗa su, kowanne da shugabancinsa.

Amma fa ka ji wannan da kyau don nan ne wanda ya ce maka ba komai ya yi maka gurguwar shawara. Makarantar coci ce, kuma ba sa ɓoyewa. Ranar da na fara kai babbar 'yata direkta ya zaunar da ni ya ce, Alhaji mu nan abu biyu muke yi, muna koyar da yaro karatu sosai, kuma muna yi ne da sunan addininmu, ba za mu tilasta wa 'yarka ta zama Kirista ba amma ba za mu daina addu'a don ta shigo ba. Wallahi wannan maganar ce ta sa na yarda da shi, da ya ce min babu ruwansu da addini da na san yaudara ce. Har ya ba ni labari cewa shi Martin Luta ɗin da suke bi, Bajamushen da ya ɓalle daga Katolika bayan rigimar 1517, a 1524 ya rubuta wa masu mulkin garuruwan Jamus wasiƙa yana cewa su buɗe makarantu na yara maza da mata, saboda yana so kowa ya iya karanta littafinsu da kansa ba sai wani ya karanta masa ba. Shi ya sa duk inda suka kafa coci sai ka ga aji a gefe. To ka ga karatun a wajensu hanya ce ta bishara tun asali, wanda bai gane wannan ba zai sha mamaki daga baya.

A aikace abin da ke faruwa shi ne, da safe wajen bakwai da rabi ana jeruwa a fili, a ɗaga tuta a yi taken ƙasa, sai addu'a da waƙar coci ɗaya ko biyu. A tamu yaran Musulmi suna tsayawa shiru ne, ba a dukan kowa don bai rufe ido ba. Sannan akwai darasin addini a mako, labaran Baibul ne yawanci, Annabi Nuhu da jirgi, Annabi Yusuf da 'yan uwansa, Annabi Musa, sai kuma abin da ya shafi Annabi Isa a yadda su suka ɗauke shi, kuma nan ne muka rabu da su. Ba a fitar da namu waje lokacin darasin, suna zaune suna ji. Sauran karatun kuwa na gwamnati ne tsaf, daga SIL, wato aji ɗaya, zuwa CP, CE1, CE2, CM1, CM2, littattafan da ma'aikatar ilimin firamare ta amince da su, sufeto yana zuwa dubawa, jarabawar CEP ta gama firamare da konkur, wato jarabawar shiga siziyem ajin farko na sakandare, duk ɗaya ne da na lekol ɗin gwamnati. Dama a ƙasar nan makarantun kuɗi kashi huɗu ne a hukumance, na Katolika, na Furotesta, na Islamiyya, da waɗanda ba na addini ba, Luteran suna cikin na Furotesta.

Bari in ba ka labarin da ya kusa sa in cire su. 'Yata tana CP ta dawo gida tana wanke-wanke tana rera wata waƙa da Faransanci, uwarta ba ta jin Faransanci sosai amma ta tsinci sunan Yesu a ciki, ai kuwa gidan ya kama da wuta, ta ce gobe ba inda yarinyar nan za ta, kakarsu ma ta sa baki ta ce dama ta faɗa. Ban yi barci ba daren nan. Yarinya ba ta san ma'anar abin da take rerawa ba, daɗin muryar ne ya kama ta kamar yadda suke kwaso waƙar talla a rediyo. Bayan kwana biyu kuma ƙaninta, shi wannan bakinsa ba ya shiru, ya tambaye ni wai Baba da gaske Allah yana da ɗa? Na zaunar da su duka biyun na ce su karanto min Ƙulhuwallahu, suka karanto, na fassara musu aya aya da Hausa, na ce wannan shi ne namu, abin da metir ya faɗa nasu ne, ku girmama shi malaminku ne amma ba ku ɗauka ba. Sai na gane laifina ne ma, shekara biyu suna haddar surar ba wanda ya taɓa gaya musu me take cewa. Daga ranar na canza tsari, allo bayan asuba kafin su sa tenu, Islamiyya da yamma, ranar Laraba da ake tashi da rana kuma malam yana zuwa gida. Yana da wuya ba zan ɓoye maka ba, yara suna gajiya, kai ma aljihunka yana gajiya. Maƙwabcina shi cire nasa ya yi ya kai su franko-arab, makarantar da ake haɗa Faransanci da Larabci, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, shi direban babbar mota ne yana yin sati uku bai kwana gida ba, ya ce ba shi da wanda zai riƙa bin bayan abin da aka zuba musu a kunne. In kai ma aikinka irin wannan ne to ka yi tunani sau biyu.

Abin da ya riƙe ni shi ne karatun. Metir yana zuwa a kan lokaci, ana duba kaye, wato littafin rubutun yara, ana sa jan biro, in yaro bai zo ba kwana biyu za a aiko a tambaya. Ajin ma akwai cika amma ba irin cikar da na gani a wani wurin ba inda yara ke zaune har bakin allo. Ban ce duk malaman gwamnati ba sa aiki ba, akwai jajirtattu, yawan yaran ne ya fi ƙarfinsu.

Maganar rajista yanzu. Walid SIL zai shiga tunda ya cika 6, in ya yi matanel, wato nazare, ka tafi da takardarsa in bai yi ba ma ba matsala. Za su nemi kwafin akta na haihuwa, katin rigakafi, hotuna ƙanana, da kuɗin rajista. Ita yayar tunda canjin makaranta ne sai ka haɗa da biltan ɗinta, wato takardar sakamakonta, na bara da takardar shaida daga lekol ɗin da ta baro a Marwa, ka sa a karɓo maka tun yanzu kafin direktan can ya tafi hutu ka rasa mai sa hannu. Kuma ka shirya ranka, za su iya yi mata ɗan gwaji na karatu da lissafi, in suka ga ba ta kai ba sai su ce ta maimaita CE1. An yi wa ɗan ƙanwata haka, ubansa ya yi ta faɗa wai an raina makarantar da ya fito, ƙarshe maimaitawar ce ta gyara yaron.

Akta ɗin nan don Allah kar ka yi wasa da shi, ni na ɗanɗana. Babbar 'yata a gida aka haife ta, ban je meri, wato ofishin magajin gari, na yi mata ba, aka karɓe ta SIL da alƙawarin zan kawo, na ce gobe na ce jibi har shekara biyar ta wuce. Tana CM2 aka zo haɗa dosiye na CEP aka ce babu akta babu jarabawa. Sai ga ni asibiti wajen likita ya ƙiyasta shekarunta, ga ni meri a ba ni shaidar ba a taɓa rubuta ta ba, ga ni kotu da shaidu biyu don a yi abin da suke kira jujman sufuletif, hukuncin da ke ba da damar yin akta bayan lokaci ya wuce, na rufe shago kwana nawa, kuɗin da na kashe ya ninka abin da zan kashe tun farko ban san sau nawa ba, da ƙyar muka samu kafin a rufe karɓa. Kuma ka duba rubutun sunan, in a akta an rubuta shi da wani harafi to haka za a rubuta ko'ina, kar ka bari a gyara masa suna a rajista don ya fi daɗin faɗa.

Kuɗi kuwa, ka san tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce, sai kuɗin ƙungiyar iyaye da ake karɓa. Nan ba haka ba ne, akwai kuɗin rajista akwai na shekara, ana biya kashi-kashi, tiransh na farko shi ne mai nauyi. Ba zan faɗi adadi ba don kowace makaranta da nata kuma yana canzawa, ka je ka karɓi takardar da hannunka. In lokacin tiransh ya wuce ana koro yara gida, an taɓa koro nawa ana saura kwana kaɗan kompozisiyon, wato jarabawar aji, raina ya ɓaci sosai, amma da na shiga kwamiti na ga littafin kuɗi sai jikina ya yi sanyi, albashin malaman daga wannan kuɗin yake fita, tallafin gwamnati ba ya zuwa ko'ina. Abin da na koya shi ne in ka ga ba za ka iya cikawa ba ka riga su zuwa, ka ce ga abin da ke hannuna ga ranar da zan kawo saura, sun fi jin wannan da a yi shiru. A tamu akwai ragi ga 'ya'yan fastoci da ma'aikatan coci, wasu iyayenmu suna ƙorafi a kai, ni ban ga abin ƙorafi ba, gidansu ne. Mai yara uku ko fiye shi ma ya tambaya ko akwai sassauci, ba sa faɗa sai an tambaya.

Kafin ka biya ko dala, ka je kai da uwar yaran ku zauna da direkta ku yi masa tambayoyin da ke ranku baki da baki, ba ta waya ba. Ka tambayi ɗankwali, mu sai da iyaye suka yi zama kafin aka yarda da ƙarami mai launin tenu, kuma ba ko'ina aka yarda ba, wasu ma suna da doka a kan kitso. Ka tambayi Juma'a, namu manyan maza na CM da takarda daga uba ake barinsu su fita. Ka tambaya ko makin darasin addini yana shiga cikin mwayen, wato matsakaicin makin yaro, da ko dole ne yaro ya fito a wasan Kirsimeti da ake yi kafin hutun Disamba, ni nawa na ce ba za su hau dandali ba kuma ba wanda ya rage musu maki. Sallah ƙarama da babba dama hutu ne na ƙasa ba sai ka roƙa ba. Da azumi ina rubuta wa metir ya sassauta musu gudu a fili. Abincin tara kuma ni daga gida ake zuba musu, ko in ba su kuɗin makala da wake wajen wata baiwar Allah da muka sani a bakin ƙofa. Sai ka karɓi dokokin makarantar a rubuce ka sa a karanta maka duka kafin ka sa hannu, yawancinmu dangwalawa kawai muke yi sai rigima ta taso a nuna mana layin da muka amince da shi.

Kar ka jira Satumba da ake komawa makaranta, SIL ne ke fara cika, kuma masu yaya ko ƙane a ciki su ake fara ɗauka. In za ka je ka je da safe kafin goma, bayan haka layi ne. Tenu kuma kar ka yanko yadi sai ka ga samfurinsu, bara mutum uku suka kawo min shuɗin da ba shi ba ne.