Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan taimakon baƙo

'Yar'uwa sannu, na ga tambayarki. Kin ce wani ya tare ki a tasha wai kuɗin motarsa ya ƙare kika ba shi, bayan sati kika sake ganinsa yana yi wa wata irin labarin, yanzu jikinki ya yi sanyi kina tambaya ko dole ne mai bi ya taimaki wanda bai sani ba. Nima an yi min haka har sau biyu kuma ya ci min rai sosai.

Amma bari kiji abin da ya hana ni dainawa. A 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi mutane suka yi ta gudowa har Jos, ran nan na taso daga zumuntar mata da yamma sai ga wata mata a bakin coci da yara uku, ƙaramin ko takalmi babu. Ban santa ba, albashin maigida bai shigo ba, masarar gidan ma bata kai mudu biyar ba. Na wuce ta fa, har na yi nisa sai ƙafata ta ƙi tafiya, don na tuna firist da Balawin nan na Luka 10 da suka ga mutumin da 'yan fashi suka ji wa rauni a hanya suka ratse ta gefe, su ma mutanen ɗakin Allah ne kamar ni. Na koma na ɗauko su. Wata huɗu suka yi a ɗakin yarana, ba zan ce da sauƙi ba, akwai ranar da na shiga kicin na yi kuka saboda abinci, amma ko sau ɗaya bamu kwana da yunwa ba, matan zumunta suka dinga kawo wake da garin tuwo.

Ki lura Basamariyen da ya tsaya ya taimaki mutumin a labarin Luka 10 ɗin bai miƙa kuɗi ya wuce ba, shi ya ɗaure raunin, ya ɗora mutumin kan dabbarsa, dinari biyun ma mai masauki ya ba. To haka nake yi yanzu. Mai cewa kuɗin mota, muje wurin direba in biya da hannuna, mai cewa yunwa in zaunar da shi wurin mai abinci. Maƙaryaci da kansa yake zamewa. In namiji ne kuma dare ya yi kar ki kai shi gida ke kaɗai, ki kira fasto ko wani dattijon ikilisiya su nema masa wurin kwana.