Gwamnati na zuba kuɗi a tsibirin Sent Helina: in kai jarina can?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gini da na lantarki, sari da ɗaiɗai. Wani aminina da ya yi aikin kwangila a tsibirin Sent Helina ya ce mini gwamnatin Birtaniya na zuba kuɗi a can ba ƙaƙƙautawa, an gina filin jirgin sama, an kawo intanet, kuma kaya na da tsada ƙwarai. Ya ce in muka haɗa jari muka buɗe shago da ɗan masaukin baƙi, cikin shekara uku uwar kuɗi za ta dawo. Abin da zan sa ya kai rabin jarina. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amininka bai yi maka ƙarya ba, kuɗin suna shiga, kaya kuma da tsada. Amma rabin jari kam ban yarda ba, kuma zan gaya maka dalili.

Mu fara da ƙirga masu saye, domin su ne kasuwa. Sent Helina tsibiri ne da ke ƙarƙashin Birtaniya, a kudancin tekun Atlantika, nisansa daga gaɓar Afirka ya kusa kilomita 2,000, girmansa bai wuce murabba'in kilomita 122 ba. Nan ne Ingilishi suka tsare Napoleon, tsohon sarkin Faransa, daga 1815 har ya mutu a 1821, kuma nisan wurin ne ya sa suka zaɓe shi. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 4,439. Duka-duka ke nan, da yara da tsofaffi. Matasan da ya kamata a ce su ne ke gina sababbin gidaje, da yawansu suna aiki a tsibirin Ascension, ko Falkland, ko Birtaniya. Kai da ka san harkar kayan gini, tambayi kanka gida nawa mutum dubu huɗu da 'yan kai za su gina a shekara, kuma buhun siminti nawa ke nan.

Sai kuɗin gwamnatin. Iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba shi ke shiga uku. Na farko tallafin da Birtaniya ke bayarwa kowace shekara don cike giɓin kasafin kuɗin tsibirin, wanda a 'yan shekarun nan yake kai fam miliyan 30 ko fiye. Da shi ake biyan albashin ma'aikata, da tafiyar da asibiti da makarantu. Wannan kuɗin yana isa aljihun mutane, daga nan ya zo kanti, kuma bai cika yankewa ba. Sai dai ba ya ƙaruwa irin yadda ɗan kasuwa ke so. Ciniki ne na kullum-kullum da ya riga ya sami masu shi. Na biyu kuɗin manyan ayyuka, shi ne mai ɗaukar ido, shi ne kuma amininka ya gani. Filin jirgin nan ya ci kusan fam miliyan 285. To ina kuɗin suka tafi? Kamfanin Basil Read na Afirka ta Kudu ne ya sami kwangilar, ya ɗauko injinansa da kayan aikinsa a jirgin ruwan da ya ɗauka haya. Haka babban ɗan kwangila yake a ko'ina, ba ya zuwa shagon unguwa sayen rodi. Abin da ya rage a tsibirin shi ne albashin leburori da direbobi da kuɗin haya, kuma ranar da aka gama aiki ranar suka tsaya. Amininka ya ga garin ne lokacin da kasuwa ke ci. Ka tambaye shi wace shekara ya baro can, amsar za ta gaya maka abubuwa da yawa.

Batun masaukin baƙi shi ya fi damuna, domin akwai waɗanda suka riga ka, kuma da na gaba ake gane zurfin ruwa. An gama filin jirgin a 2016, mutanen tsibirin da dama sun riga sun kashe kuɗi sun gyara ɗakuna da wuraren cin abinci suna jiran baƙi. Da aka zo gwajin sauka da babban jirgi, sai aka tarar akwai wata iska a bakin titin jirgin mai juya alƙibla farat ɗaya, wadda ke sa saukar manyan jirage ta zama haɗari. Aka ɗage buɗewa. Jirgin fasinja na yau da kullum bai fara zuwa ba sai Oktoban 2017, shi ma ƙarami ne, na kamfanin Airlink daga Johannesburg, sau ɗaya a mako, da ɗan ƙari a lokacin baƙi. Wanda ya ci bashi ya gyara ɗaki, bashin bai jira iska ta lafa ba. Ana cikin farfaɗowa kuma annobar korona ta zo a 2020 ta tsayar da zirga-zirgar da aka saba har kusan shekara biyu.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi. Jirgin kujerunsa ba su kai 100 ba. A ce ma ɗari ne cif, a ce kowane mako a cike yake, a ce duk wanda ke ciki ɗan yawon buɗe ido ne: mako 52 ya ba ka mutum 5,200 a shekara. Alhali a cikinsu akwai 'yan gari masu dawowa gida, da marasa lafiya da aka kai asibiti a Afirka ta Kudu, da ma'aikatan gwamnati. Lissafin da aka gina filin a kansa ya yi hasashen baƙi kusan 29,000 a shekara nan da 2042. Ka ga tazarar da ke tsakanin abin da ke takarda da abin da ke sauka daga jirgi. Waɗanda ke saukar kuma ga otal a Jamestown, babban birnin tsibirin, da gwamnati ta sa kuɗinta a ciki, ga gidajen saukar baƙi na 'yan gari suna jiransu.

Tarihin wurin ma ya isa ishara. Da can jiragen ruwa masu dawowa daga Indiya sukan yada zango a nan, har aka buɗe mashigin Suwez a 1869 hanya ta sauya, ciniki ya mutu. Daga baya tsibirin ya rayu da noman wata shuka mai zare da ake igiya da ita, babban mai saye kuwa hukumar gidan waya ta Birtaniya, don ɗaure buhunan wasiƙu. A tsakiyar shekarun 1960 hukumar ta koma amfani da zaren roba, masana'antun suka rufe. Sau biyu ke nan shawarar da aka yanke a wani wuri mai nisa ta kashe kasuwar garin. Tallafin yanzu ma a Landan ake yanke shi. Ban ce za a janye ba, Birtaniya ta ɗauki nauyin biyan buƙatun yankunanta irin wannan. Na dai ce alƙalamin ba a hannunka yake ba, ba kuma a hannun masu sayen kayanka ba.

Tsadar kaya da ya ambata, kada ka ɗauka riba ce. Kusan komai a jirgin ruwa yake zuwa daga Cape Town, wajen sau ɗaya a wata. Kuɗin dako, da kuɗin fito, da na ajiya, duk suna cikin farashin da ya gani. Abin da ya fi waɗannan ciwo shi ne kwanciyar haja. In kana juya jarinka sau shida a shekara da ribar kashi 10, ka tashi da kashi 60. In ka kai shi inda ribar ta kai kashi 25 amma sau biyu kawai yake juyawa, kashi 50 ka samu, ga wahala, ga nisa. Kayan da suka ƙi fita kuwa babu garin maƙwabta da za ka kai ka karyar. Sannan ba fili za ka tarar ba: kamfanin Solomon yana ciniki a tsibirin tun 1790, ya san kowane gida da abin da yake saye.

Duk da haka ban rufe ƙofa ba. Inda nake ganin haske shi ne abin da mai sayensa ba a tsibirin yake ba. Gahawar Sent Helina, wadda aka kawo irinta daga Yaman a 1733, tana cikin masu tsada a duniya, sai dai kaɗan ake nomawa. Akwai kifin tuna, ko da yake hukumar gwamnati mai sarrafa shi ta rufe a 2020 saboda asara, wanda ke nuna maka samun kifi daban, kai shi kasuwa daban. Wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta Google, mai suna Equiano, ta iso tsibirin a 2021 da tallafin Tarayyar Turai, aka fara amfani da ita a 2023. A fanninka kuma, yawancin wutar tsibirin da man dizal ake samar da ita, tana da tsada, don haka faifan sola da batura da ƙwayayen wuta masu ƙarancin cin lantarki sun cancanci a gwada. Gwaji na ce, Alhaji.

In amininka ya ce ai gwamnati na ba masu zuba jari tallafi, ka yi lissafinka kamar babu shi. An taɓa yin hukuma ta musamman, Enterprise St Helena, mai ba ƙananan 'yan kasuwa tallafi da rance, an rufe ta a 2021. Kasuwancin da ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai da tallafi, ranar da aka sauya tsari ranar zai faɗi. Ka kuma sani baƙo yana buƙatar izini kafin ya zauna ya yi aiki, da wani izinin kafin ya mallaki fili ko gini. Ka nemi sharuɗɗan a rubuce daga gwamnatin tsibirin, kada ka dogara da an ce.

Abin da zan yi da ni ne: in ajiye maganar masauki gaba ɗaya. In ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da na yi niyya ba, wanda ko ya salwanta shagona ba zai girgiza ba. Daga ciki in sayi tikiti in je in yi mako biyu, tunda gani ya kori ji, in shiga kantuna in rubuta farashi, in zauna da magina da masu gyaran wuta in ji abin da suke nema su rasa. Sannan in nemi ɗan gari mai shago da ya riga ya kafu, in aika masa kaya kaɗan ya sayar, mu raba riba, da yarjejeniya a rubuce da shaidu: wa ke biyan dako, wa ke ɗaukar asarar abin da ya fashe, yaushe ake turo kuɗi. Haka tsakaninka da amininka ma, a rubuta, don zumuncin ya tsira. In kayan suka ƙare kafin jirgin ruwa ya zo sau uku, kuma kuɗinka suka dawo hannunka ba tare da ka yi ta bibiya ba, ka rubuto mini da alƙaluman, mu duba ko za a ƙara.